Man Taransfoma na FR3: Gwani a Gaban Gobara, Amma Sai an Yi Masa Lissafin Tsawa

Idan aka buɗe durom ɗin FR3, launinsa ne ke fara ɗaukar ido: kore-kore ne, garau, ba irin man taransfoma da aka saba gani ba mai kama da ruwa ko ruwan shayi maras ƙarfi. Ka ɗiga shi a yatsa ka murza, za ka ji kauri da santsi irin na man girki, kuma ba abin mamaki ba ne, domin daga waken suya ake tatso shi, a tace, a ƙara masa ɗan sinadarin da ke hana shi saurin lalacewa. Kamfanin Cooper Power Systems na Amurka ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1990, sannan Cargill ya sayi harkar a 2012, shi ke sayar da shi har yau. A wajen masu sana'a, sunan ajinsa esta ta halitta, don a bambanta shi da man ma'adini da ake tacewa daga ɗanyen mai, wanda shi ne a cikin kusan duk taransfomar da ke bakin titi.

Hukuncinmu a kansa tun daga farko: mai ne mai kyau ƙwarai ga taransfomar 11 kV da 33 kV (kV shi ne kilobolt, wato bolt dubu) wadda tankinta a rufe yake ruf, kuma ya cancanci kuɗinsa a inda gobara za ta yi ɓarna. Amma yana da wani rauni da takardar talla ba ta cika ɗaga murya a kai ba, kuma injin gwajin mai da ake yawo da shi a bayan mota ba zai taɓa nuna maka shi ba. Raunin yana fitowa ne lokacin da tsawa ta faɗo kan layi.

Mu fara ba shi haƙƙinsa. Man ma'adini yana kama wuta ya ci gaba da ci a wajen digiri 160 zuwa 170. FR3 sai ya kai wajen digiri 360. Ma'aunin IEC, hukumar ƙa'idojin kayan lantarki ta duniya, yana sa duk man da ya wuce digiri 300 a ajin K, wato mai wuyar kamawa, shi kuwa ya wuce layin da rata mai faɗi. Ga taransfomar da aka girke a tsakiyar kasuwa, ko ƙarƙashin bene, ko jikin asibiti, wannan kaɗai ya isa dalili. Idan ya zube ƙasa kuma, ƙwayoyin halittar ƙasa suna cinye mafi yawansa cikin makonni huɗu, saɓanin man ma'adini da ke daɗewa yana neman rijiyar mutane.

Na biyu shi ne yadda yake mu'amala da ruwa. Man ma'adini a digiri 20 ba ya iya narkar da ruwa fiye da miligiram 55 ko makamancin haka a kowane kilo. FR3 yana ɗaukar wajen miligiram 1,000. Abin da ke rage ƙarfin mai ba yawan ruwan ba ne tsagwaronsa, a'a, kusancinsa ne da ƙoshi. Miligiram 30 a man ma'adini ya riga ya wuce rabin cikinsa, alhali miligiram 200 a FR3 bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba. Saboda wannan ƙishirwa, yana janye danshi daga takardar da aka naɗe koyil da ita, takardar kuwa danshi da zafi ne ke tsufar da ita. Masu shi suna cewa takarda tana daɗewa ninki biyar zuwa takwas a cikinsa. Wannan adadi daga gwajin tsufarwa na ɗakin bincike ya fito, kada a ɗauke shi alƙawari ga taransfomar da ake ɗora wa lodi fiye da ƙima kullum, amma alkiblar gaskiya ce.

Yanzu gwajin da kowa ya sani. Ana zuba mai a kofi mai kawunan ƙarfe biyu masu sulɓi, masu siffar lema, a daidaita tazararsu milimita 2.5, a riƙa ɗaga wutar AC kilobolt 2 a kowace daƙiƙa har ta huda man da ƙara "tas". A maimaita sau shida, da hutun minti biyu a tsakani, a ɗauki matsakaici. Wannan shi ne IEC 60156. FR3 da aka tace da kyau yana ba da 60 zuwa sama da 70 kV a nan, kafaɗa da kafaɗa da man ma'adini mai kyau, kuma yana riƙe wannan adadi ko da ya sha ruwan da zai durƙusar da wancan. Abu ɗaya kawai: bayan an zuba shi a kofi a ba shi minti 15 ko fiye kafin a fara, ba minti 5 da aka saba ba, domin kumfar iska tana jinkirin tasowa a cikinsa. Wanda ya yi gaggawa zai ga adadi ya faɗi ya ɗauka man ne ya lalace.

To amma me wannan gwaji yake aunawa? Tsabta. Wutar tana hawa a hankali, cikin rabin minti, don haka zaren takarda da ƙura da ɗigon ruwa suna samun lokacin jeruwa tsakanin kawunan ƙarfen su yi gada. Gwajin datti ne da danshi, kuma a wannan aikin ba shi da na biyu. Tsawa kuwa ba ta jiran datti ya jeru.

A ɗakin gwaji ana kwaikwayon tsawa da bugu ɗaya da ake kira 1.2/50: wutar tana hawa ƙololuwa cikin maikirosakan 1.2, ta sauko rabi a maikirosakan 50. Maikirosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa. Injin da ke samar da bugun, wanda Erwin Marx ya ƙirƙiro a Jamus a 1924, tarin kafasito ne, wato na'urorin tara caji, da ake caja su gefe da gefe, sannan a sauke su a jere lokaci guda, ƙarfinsu ya haɗu. Kowace taransfoma tana da adadin bugun da aka gina ta ta jure, kuma yana rubuce a jikin farantinta: galibi 75 kV ga ta 11 kV, 170 kV ga ta 33 kV, 550 ko 650 kV ga ta 132 kV, sannan 1,050 ko 1,175 kV ga ta 330 kV irin ta manyan tashoshin TCN, kamfanin dakon wutar lantarki na Najeriya.

Gwajin mai da irin wannan bugu yana da nasa ma'auni, ASTM D3300 a Amurka da IEC 60897 a sauran duniya, kuma kofinsa daban ne. A ƙasa ƙwallon ƙarfe ne mai sheƙi, faɗinsa wajen milimita 12.7, a sama allura ce ta ƙarfe, irin ta garmaho, wadda tsininta bai wuce kaurin gashi ba. Tazarar da aka fi amfani da ita inci ɗaya ce, milimita 25.4. Ana farawa da ƙarfin da aka san man zai jure, a yi bugu uku da ɗan hutu a tsakani, a ƙara kilobolt 5 ko 10, a sake uku, haka har ya huda. Daga nan a zubar da man, a cire allurar, domin tartsatsi ya riga ya dakusar da tsininta, a sa sabuwa. Sau biyar ake yi. Dalilin allurar shi ne ta tattara matsin wuta a wuri ɗaya, kamar yadda tsinin waya da ba a goge ba ko kan ƙusa yake yi a cikin tanki.

Abin da kyamarori masu tsananin sauri suka nuna a wannan kofi, a dakunan bincike irin na Grenoble a Faransa, da Jami'ar Manchester a Ingila, da SINTEF a Norway, shi ne cewa hudawa ba ta faruwa farat ɗaya. Daga tsinin allurar wani siririn hanya yake tsirowa, mai cike da gas da ya zama mai ɗaukar wuta, yana rassa kamar saiwar gamji, yana kutsawa cikin man. Mu kira shi saiwar wuta. Idan ta isa ƙwallon, sai babbar wuta ta bi ta cikinta, an huda ke nan. Idan ƙarfin bugun ya ƙare tun tana hanya, sai ta mutu, ta bar 'yan kumfa, man ya rufe. Don haka tambayoyi biyu ne: a wane ƙarfi saiwar ke tsirowa, kuma da wane gudu take tafiya?

A tambaya ta farko, FR3 da man ma'adini ba su da wani nisa. A ta biyu ne hanya ta rabu.

Saiwar tana da matakan gudu, kamar giyar mota. Akwai na rarrafe, wajen mita 100 a daƙiƙa. Akwai na biyu, kilomita 1 zuwa 3 a daƙiƙa. Na uku yana kai kilomita 10 zuwa 20, na huɗu kuwa ya wuce kilomita 100. A yi lissafi da alli: kilomita 2 a daƙiƙa daidai yake da milimita 2 a maikirosakan ɗaya. A tazarar milimita 2.5, ko wannan mai tafiyar hawainiya za ta ƙetare cikin maikirosakan ɗaya da ɗan ɗoriya, bugun yana kan ganiyarsa. Gudu ba shi da tasiri, duk mai ɗaya ne. A tazarar milimita 100 kuwa tana bukatar maikirosakan 50 cif, kuma kafin nan ƙarfin bugun ya sauko rabi, sai ta mutu a hanya. Amma idan ta shiga giya ta huɗu, milimita 100 ɗin nan maikirosakan ɗaya ne kacal. Ta isa tun bugun bai fara saukowa ba.

Kyawun man ma'adini shi ne taurin kai a giya ta biyu. Ka ɗaga ƙarfin wuta sama da wanda ke huda shi, saiwar za ta ƙara rassa, ta yi dushi kamar kan bishiya, amma gudunta yana nan wajen kilomita 2. Rassan suna kare juna, kowane yana rage matsin da ke kan tsinin ɗan'uwansa, sai an kai wani ƙarfi mai nisa kafin ta ɓalle. A cikin esta, saiwar tana canja giya da wuri, a ƙarfin da bai yi nisa da na hudawa ba, ta fito da rassa kaɗan masu tsawo, ta miƙe. Sakamakon haka, a tazara ƙarama mai santsin fuska, man biyu suna kusa da juna. Da zarar tazara ta wuce 'yan santimita kuma akwai tsini a gefe ɗaya, FR3 yana hudawa a ƙarfin da ya gaza na man ma'adini a fili, kuma ratar tana ƙara buɗewa yayin da tazarar ke tsawo. Ƙara nisa tsakanin ƙarfe da ƙarfe, wanda shi ne maganin da kowane mai gyara ya sani, ba ya saye maka tsaro a esta kamar yadda yake yi a man ma'adini.

Akwai kuma batun fuska. Idan allurar ce fozitif, saiwar ta fi gudu da nisa, kuma man yana hudawa a ƙarfi ƙasa da na lokacin da take negetif. Wannan haka yake a kusan kowane mai. Adadin da takardun 'yan kasuwa suka fi son bugawa na negetif ne, domin ya fi girma, kuma ma'aunin Amurka na man ma'adini, ASTM D3487, da negetif ɗin ya kafa sharaɗinsa na 145 kV a tazarar inci ɗaya. Wani abin da ke rikita wanda bai saba ba: sinadaran aromatik da ke cikin man ma'adini suna rage adadin negetif, amma wasunsu su ne ke sa saiwar fozitif ta yi rassa ta kasa gudu. Ke nan mai na iya ba da adadi mai burgewa a fuska ɗaya ya zama ba haka ba a ɗayar. Duk wanda ya nuna maka adadin bugu guda ɗaya, tambaye shi: wace fuska, wace tazara, wane tsini? A masana'anta ma da negetif ake buga taransfoma, don kada wuta ta tsallaka ta wajen bushin, wato tangaran ɗin da waya ke shiga tanki ta cikinsa, sai dai idan bugun ya shiga koyil yana kaɗawa gaba da baya, don haka wasu sassan ciki suna ganin fuskokin biyu.

Ina ne wannan rauni ke da ƙofa a cikin taransfoma? Ba a tsakanin koyil na babbar wuta da na ƙarama ba, idan an yi aikin da kyau. A can masu zane suna yanka tazarar man gida-gida da silinda na matsattsen kwali, kowane gida 'yan milimita, ƙarfen kuma a naɗe da takarda, babu tsirara. A nan ma FR3 yana da wata fa'ida. Yadda matsin wutar AC da na bugu ke rabuwa tsakanin mai da kwali ya dogara da wani adadi na kowannensu: man ma'adini 2.2, kwali da ya sha mai wajen 4.4, FR3 wajen 3.2. Wanda adadinsa ya fi ƙanƙanta shi ke ɗaukar matsi mafi yawa. A man ma'adini, matsin da ke kan mai ya ninka na kwali sau biyu. A FR3 bai kai ninki ɗaya da rabi ba. An sauke wa mai kaya an ɗora wa kwali, wanda dama ya fi shi ƙarfi, ko da yake mai zane dole ya sake duba gefunan kwalin, inda wuta ke son rarrafe a kan fuska. Wuraren haɗari su ne inda mai ya tsaya shi kaɗai a dogon fili: daga wayar da ta fito daga koyil zuwa bangon tanki, gindin bushin, da kuma na'urar sauya tap, mai daidaita ƙarfin wutar da ke fita, wadda ke cike da ƙarafa tsirara masu kusurwa. Shi ya sa masu ƙera wannan na'ura ba sa yarda a tsoma kowace irinta a esta sai wadda suka gwada, kuma sau da yawa da ragin adadin da take jurewa.

Wannan bai hana FR3 hawa babbar wuta ba. Siemens ya ƙera taransfoma ta ajin 420 kV da shi a masana'antarsa ta Nuremberg, aka sa ta aiki a tashar Bruchsal ta kamfanin TransnetBW a Jamus a 2014, da mai wajen tan 100 a cikinta. Amma tun daga takarda aka zana ta don esta: ƙarin shinge na kwali, ƙarin naɗi a kan wayoyi, kusurwoyi a zagaye, hanyoyin mai masu faɗi. Ɗauko tsohuwar taransfomar 132 kV da aka zana wa man ma'adini a juye mata FR3 ba tare da mai ƙera ta ya sake lissafin ba, wannan caca ce, kuma ba mu ba da shawararta ba ko kaɗan.

A 11 kV da 33 kV lamarin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Tazarorin gajeru ne, bugun 75 ko 170 kV ne, kuma yawancin ƙira suna da rarar da ta isa. A wannan aji, abin da ke kashe taransfoma a farkon damina ba ya cikin tanki, yana kan fol. Aresta, wato na'urar da ke karkatar da tsawa zuwa ƙasa, idan mai lafiya ce a layin 11 kV tana datse bugu a wajen 35 zuwa 45 kV, ƙasa da 75 sosai. Amma kowace mita ta wayar da ta haɗa aresta da layi da jikin tanki tana ƙara wajen kilobolt 10 idan wutar tsawar tana hawa da saurin kilo-amfiya 10 a maikirosakan. Mita uku na waya da aka lanƙwasa don ta yi kyau a ido sun cinye kusan duk rarar. Ƙara da wayar ƙasa da aka sace, ko ramin ƙasa da ya bushe ƙamas tun watan Maris, ka ga babu man da zai ceci wannan taransfoma, kore ne ko fari. Kafin a kashe kuɗi a kan mai, a matso da aresta jikin bushin, a haɗa ƙasanta kai tsaye da tanki, a auna ramin ƙasa a lokacin rani, ba bayan ruwa ba.

Inda za mu ja kunne shi ne taransfomar da aka sake wa naɗi a garejin gyara. Masu wannan aiki da yawa gwanaye ne, amma garejin da ke da injin bugu abu ne mai wuyar samu. Ana gwada rabon wuta, a buga mega, wato injin auna yadda naɗi da mai ke tare wuta, a gwada mai, a rufe. Ƙurjin jan ƙarfe da zarto ya bari, walda mai tsini da ba a goge ba, kan ƙusa da ya leƙo kusa da waya, wayar 33 kV da aka bari da siririn naɗi tana kallon bangon tanki: duk waɗannan allurar garmaho ce a cikin tanki. Man ma'adini yana rufa musu asiri har wani mataki. FR3 bai kai shi haƙuri ba. Idan za a zuba shi a irin wannan, a goge kowane haɗi ya yi sumul, a naɗe shi da takarda mai kauri, a sa kwali tsakanin waya da tanki.

Kaurinsa ma yana da hannu a maganar tsawa. A digiri 40 kaurin FR3 yana wajen 33 a ma'aunin milimita murabba'i a daƙiƙa, man ma'adini kuwa ma'auninsa bai yarda ya wuce 12 ba. Kusan ninki uku ke nan ko fiye. Yana jinkirin shiga cikin kwali mai kauri, kumfa tana jinkirin fita. Kumfar iska a cikin mai ita ce wuri mafi rauni a duk tankin: iska ba ta jure fiye da kilobolt 3 a milimita, ga shi matsin da ke cikin kumfar ya fi na man da ke kewaye da ita da wajen kashi 30 cikin ɗari a esta. Daga nan saiwa ke samun wurin tsirowa. Sannan mai mai kauri ba ya zagayawa da sauri a cikin radiyeta, don haka saman tankin zai fi zafi da 'yan digiri bayan canji. Daskarewarsa, wajen digiri 20 ƙasa da sifili, damuwar mutanen Turai ce. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram zafin ma taimakonsa yake yi, yana sassauta shi.

Ga mai son juye tsohuwar taransfomar rarraba wuta zuwa FR3, tsarin ba shi da wuya amma ba ya son gaggawa. A fara gwada tsohon man, har da gwajin PCB, wani sinadari mai guba da ake samu a tsofaffin mai, idan taransfomar ta tsufa, kuma kada a yi wa mai ciwo canjin mai da fatan warkewa. A zubar da tsohon tun yana da ɗumi, a bar koyil ya tsane na sa'o'i. A ɗauraye da FR3 mai ɗumi, kamar kashi 5 zuwa 10 na cikin tanki, ana fesawa daga sama, a zubar da wannan ma. A canja duk gasket, domin tsofaffin da suka riga suka taurare su ne ke fara yoyo. A cika daga ƙasa, da man da aka tace aka cire wa iska aka ɗumama shi wajen digiri 60, a ƙarƙashin bakiyum, wato an zuƙe iskar tankin, idan tankin zai iya ɗauka. A buɗe wuraren fitar da iska na bushin da radiyeta. Sannan a jira, aƙalla kwana ɗaya ga ƙarama, fiye da haka ga babba, kafin a ba ta wuta. Dalilin ɗaurayar shi ne ragowar man ma'adini: idan ya wuce wajen kashi 7 cikin ɗari, ma'aunin kama wuta yana faɗowa ƙasa da digiri 300, an biya kuɗin ajin K ba a samu ba. Tsohon man yana ci gaba da tsattsafowa daga takarda, don haka a sake aunawa bayan 'yan watanni, kuma a rubuta a jikin tanki da fenti cewa esta ce a ciki, kada wani ya zo ya yi mata ciko da abin da ya samu.

Babban abin da zai hana mutane da yawa amfani da shi a wajenmu ba tsawa ba ce, iska ce. Man tsiro ne, kuma iska tana daskarar da shi kamar yadda take mayar da man da ya zuba a gefen kaskon mai ƙosai ya zama danƙo. A cikin tanki rufaffe, mai bangon da ke miƙewa ko mai matashin naitirojin ko jakar roba a ƙaramin tankin sama, ba matsala. Amma taransfomomi da yawa a unguwanni suna numfashi ne kai tsaye ta kwalbar silika, wadda sau da yawa ta daɗe da canja launi, wani lokaci ma ta fashe. Silika tana tare ruwa, ba ta tare iskar oksijin. A irin wannan tanki, da zafin digiri 40 na watan Afrilu a kai, FR3 zai riƙa kauri a hankali. Ko dai a sa jakar roba a rufe tankin, ko a haƙura da shi. Haka nan idan an ciro koyil don gyara, kada a bar shi a fili kwanaki, kuma kada a sa shi a tanda mai hura iska mai zafi: siririn man da ke jikinsa zai zama shafi mai danƙo da ba ya wankuwa. Durom da aka fara ɗiba a rufe shi gam, a ajiye a inuwa.

Bayan canji, adadin gwaje-gwaje za su firgita wanda bai sani ba. Mega za ta nuna ƙasa da yadda aka saba, wani lokaci da ninki goma, domin esta ta fi man ma'adini barin wuta ta ɗan silale. Sabon FR3 an yarda masa ruwa har miligiram 200 a kilo da tsami har 0.06 a ƙarƙashin IEC 62770, alhali iyakar sabon man ma'adini 30 zuwa 40 ce da 0.01. A gwajin gas ɗin da ya narke a mai, yakan fitar da gas ɗin itan ko da babu wani ciwo, don haka a gaya wa ɗakin gwaji irin man, su karanta da alwatikan Duval na uku, zanen fassara sakamakon gas da aka tsara don irin su esta. Gas ɗin asitilin kuwa ma'anarsa ɗaya a kowane mai: an yi tartsatsi a ciki, kuma idan ya bayyana bayan hadari, a nemi inda saiwa ta bi.

Wajen kuɗi, ya fi man ma'adini tsada a fili, kuma shigo da shi ake yi, don haka a sayi na ciko tun farko a ajiye. Wanda tankinsa ke numfashi kuma yana son ajin K, MIDEL 7131, esta ta haɗi wadda yanzu ke hannun Shell, ta fi jure iska, sai dai ta fi tsada, kuma halinta a gaban bugu a doguwar tazara irin na FR3 ne. Ba ta warware wannan ba. Wanda damuwarsa babbar taransfoma ce ta tsohuwar ƙira a filin tasha inda babu gini kusa, ya zauna a kan man ma'adini mai kyau irin Nytro na Nynas ko Diala na Shell.

Idan sabuwar taransfoma za a saya da FR3 a ciki, takarda ɗaya ce ta fi duk sauran muhimmanci: rahoton gwajin bugu na IEC 60076-3 da aka yi wa wannan ƙirar tana cike da esta, ba 'yar'uwarta mai man ma'adini ba. A ajin 72.5 kV zuwa ƙasa, gwajin na samfuri ne, ba kowace guda ake bugawa ba, shi ya sa wasu dillalai ke miƙo rahoton wata dabam. A duba sunan man a shafin farko, a duba akwai bugu ɗaya na ragaggen ƙarfi da uku na cikakke, a ɗora zanen igiyoyin a kan juna a ga sun hau daidai. Ga ta 33 kV da za ta zauna a ƙarshen dogon layin karkara, a nemi a haɗa da bugun da ake datsewa a tsakiya, wanda ake yi da kashi 110 na cikakken ƙarfi, kuma a sa shi a cikin yarjejeniyar saye tun kafin a biya kafin alƙalami.